Wankakkiya

Duk unguwar 'yan haƙa babu wanda bai san ɗakin Inna Ƙyalli ba, kuma in ka ce ba ka sani ba, ita da kanta za ta ja hannunka ta kai ka. Ɗaki ne kamar na kowa, da gado da akwati da randa a lungu. Bangon ne abin kallo. Sumul yake, ruwan toka-toka, in rana ta leƙo ta taga da hantsi sai ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna walƙiya tun daga ƙasa har rufi. Daga nan ta samo sunan, kuma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. In baƙo ya shigo ya zauna bai yabi bangon ba, to ruwan da za a ba shi ma sai ya jira.

Ubanta magini ne, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ita ta tashi tana kwaɓa masa ƙasa. Kafin ta isa aure hannunta ya faɗa da yaɓe. Ba ta amfani da cokalin magina, tafin hannu ne kawai da wani ɗan dutse mai santsi da ta gada a wurinsa. Ta gaji bakinsa ma, don tsohon ba ya ganin aikin wani ya yi shiru. In ta wuce gidan da aka yi wa yaɓe, sai ta tsaya ta karkata kai ta ce, "Wannan da ƙafa aka shafa shi ko da hannu?"

Mijinta mahaƙi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda abokan aiki suka laƙaba wa Gafiya saboda ba ramin da ba ya shiga. Lokacin da zinariya ta ɓulla a bayan gari, shi ne kan gaba. Maza su fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa su turo shi sama a buhu, mata su daka, a kai inji a niƙa, sannan a wanke garin a tasa har ɗan abin da ake nema ya kwanta a gindi. Lakar da ta rage bayan an tsame zinariyar ita suke kira wankakkiya. An wanke ta, an gama da ita, ba mai waiwayarta. Haka ta yi ta taruwa a bakin ramuka har ta zama tuddai.

Inna Ƙyalli ce ta fara waiwayarta. Wata rana tana ɗauraye tasa ta murza lakar a tsakanin yatsunta, ta ji laushin da ba ta taɓa ji a ƙasar gini ba, ba tsakuwa ba yashi. Ta ciko bokiti ta kai gida. Abin da ya fito a bangon ya sa mata suka yi ta sintiri a gidan har Baba Gafiya ya ce zai fara karɓar kuɗin shiga. Daga nan duk mai son ɗakinta ya yi kyau sai ta aiko a roƙi Inna, ita kuwa ta je ta yi, ta dawo tana kushe tsohon yaɓen da ta tarar.

Shekaru suka tafi, zinariyar ta ja baya, manyan masu saye suka kwashe injinansu suka ƙara gaba. Suka bar ramuka baki buɗe, da tuddan laka, da wani kududdufi da ko akuya ba ta shan ruwansa. Suka bar ciwo kuma. Yara ƙanana suka fara amai da jijjiga, wasu su daina gane iyayensu, wasu a wayi gari babu su. An yi ta zargin iska da maita kafin likitoci su zo su ɗebi jini su ce dalma ce. Tana cikin dutsen nan da aka yi ta dakawa a tsakar gidaje, ta bi ƙura ta zauna a ƙasa, yaro kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Jikar Inna tana cikin waɗanda abin ya kama. 'Yar ɗanta ce, sunanta aka sa mata, don haka Takwara take ce mata, kowa ma ya bi. Yarinyar ta fara tafiya ke nan, ta fara haɗa kalmomi, sai ciwon ya kwantar da ita. Aka tafi da ita da uwarta asibitin birni. Magani ya karɓe ta, amma likita ya kafa sharaɗi: ba za ta koma gidan ba sai an kankare shi an auna an ga babu guba, in ba haka ba duk abin da aka cire daga jininta za ta sake kwasa. Aka sama wa uwa da 'ya wurin zama kusa da asibitin. Gidan Inna ya yi shiru irin wanda ba ta saba da shi ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa kewar yarinyar tana cin ta ba.

Saboda haka ranar da ma'aikatan gyara suka iso da tifa da baro da shebur suna neman hannu, ita ce mace ta farko da ta tsaya a layi. Shugaban aikin ya dubi furfurarta ya ce, "Mama, aikin nan da nauyi fa."

"Ɗana, na girmi shebur ɗin nan," in ji ta. "Miƙo."

Aikin ba wuyar ganewa. A yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare saman ƙasar tsakar gida, a ɗura a buhu, tifa ta kai wani ƙaton rami da aka shimfiɗe da baƙar leda mai kauri. Sannan a kawo jar ƙasa mai tsabta daga nesa a baje a daddaɓe. A bayan gari kuma katafila tana tura duwatsu tana cike tsofaffin ramukan haƙa. Baba Gafiya yakan je ya tsaya hannu a baya yana kallo yana tsaki. "Rabin rayuwata na yi ina tona wannan," yake cewa, "dubi yadda ƙarfen banza ya rufe shi kafin a yi azahar." Amma da aka ba shi aikin kafa tuta a bakin duk ramin da ciyawa ta ɓoye, bai ƙi ba, har da sayen sabuwar hula.

A cikin ma'aikatan akwai wata budurwa mai riƙe da na'urar awo, wani abu kamar bindigar wasan yara da ake ɗora wa ƙasa ya nuna yawan dalmar da ke ciki. 'Yar Awo ake ce mata. Ita ke shiga gida gida tana tambayoyi kafin a fara. Da ta zo gidan Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin ta yaba bangon, abin da ya sa nan take ta shiga ran mai shi.

"Mama, an taɓa shigo da ƙasar rami ɗakin nan? Ko dutse, ko gari?"

"Ɗakina? Allah ya kiyaye. Ko takalmin malam ba ya tsallake dokin ƙofar nan."

"Yaɓen fa?"

"Wankakkiya ce zalla, 'yata."

'Yar Awo ta gyaɗa kai. A kunnenta wankakkiya ƙasa ce da aka wanke ta yi tsabta. A bakin Inna ma ai kusan haka ne. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu, suka rabu kowa na murna da kowa.

Aka kankare gidan, aka zuba jar ƙasa, na'ura ta ce lafiya. Ƙa'ida ita ce a bar gida ya ɗan kwana biyu a sake aunawa kafin a dawo da yaro. Inna ta wanke zannuwan gado, ta sayi 'yar tabarma sabuwa, ta aika wa surukarta cewa su fara haɗa kaya. Ranar awo na biyu 'Yar Awo ta bi tsakar gidan lungu lungu, ko'ina lafiya, sai da ta zo daidai ƙofar ɗakin Inna fuskarta ta canza. Dalma ta dawo.

Aka sake kankare wurin, aka sake zuba sabuwa. Aka dawo awo, ta sake dawowa, a wuri ɗaya, kamar an aiko ta.

Nan fa ido ya koma kan Baba Gafiya. Kowa ya san tsohon mahaƙi ba ya rabuwa da ɗan dutsen da yake sa ran wata rana zai fasa. Inna ta tasa shi gaba, ta zazzage akwatinsa, ta kakkaɓe aljihunan rigunansa, ta leƙa har cikin rufin kaji.

"Fito da shi, malam. In ka ɓoye dutse a gidan nan ka hana min jikata, wallahi ni da kai ne."

"Ke dai ki bincika. In kin samo, mu raba."

Ba ta samo komai ba sai tsohuwar tocila da wani haƙorinsa da ya faɗi tun bara. Maƙwabta kuwa yaransu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Tana jin kukan jarirai ta kan katanga, ta yi musu barka da fara'a, ta dawo gida abinci ya ƙi shiga. Surukarta ta aiko cewa Takwara tana tsayawa a bakin taga tana kiran Inna. Wannan saƙon ya fi komai tsaya mata a rai.

'Yar Awo ma abin ya hana ta sakat. Wata safiya ta zo ba tare da buhu ko lebura ba, ta roƙi kujera ta ce ita dai zama za ta yi ta ga yadda gidan yake wuni. Inna ta ba ta, ta ci gaba da harkarta. Ta share ɗakinta kamar kullum, tun daga gindin bango ta tattaro, ta turo sharar waje ta dokin ƙofa. Rana ta faɗo kan 'yar ƙurar, sai ga ta tana walƙiya.

'Yar Awo ta miƙe a hankali. "Mama, wankakkiyar nan da kika ce, wa ya wanke ta?"

"Ni mana, da hannuna."

"A ina?"

"A bakin rami, ina kuwa? Sai da muka tsame zinariyar tas sannan na..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga yadda yarinyar ta dafe baki. 'Yar Awo ta shiga ɗakin ta manna na'urar a bango, ta duba, ta matsa gaba ta sake mannawa. Ba ta faɗi lambar ba, ta dai juyo idonta ya ciko. "Laifina ne, Mama. Da na tambaye ki tun ranar farko. Zinariyar kuka wanke, dalmar tana nan, har ta fi ta tsakar gida yawa."

Inna ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta yana kan wani wuri a gefen gado, daidai tsayin gwiwa, inda yaɓen ya ɗan lotsa. A nan Takwara ta koyi tsayuwa. Nan take dafawa ta miƙe, ta sa farce ta ƙwaƙulo abin da ke walƙiya, ta manna baki tana lasa, ita kuwa kakar tana tafa mata tana cewa yarinya ta san abu mai kyau. Inna ta zauna a bakin gado ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar ubanta. Baƙin ciki ne da kunya a haɗe, ga haushin hannunta da ta yi shekaru tana taƙama da shi.

Baba Gafiya ya shigo ya tsaya. Wannan ce damar da zai rama binciken da aka yi masa, amma ya bar ta ta wuce. Ya je ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa mata.

Da ta sha ta share fuska, sai ta tambayi abin da za a yi. Aka ce sai an jiƙa bangon an kankare yaɓen gaba ɗaya har a tarar da tubali, a kwashe a kai ramin leda. Shugaban aiki ya ce gobe zai turo samari.

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji ta. "Ni na shafa, ni zan sauke."

Washegari aka fitar da kaya, ta ɗaura takunkumi a hanci, ta sa safar hannu, 'Yar Awo tana fesa ruwa ita tana bi da fartanya. Yaɓen ya kama da kyau, don mai shi ba ta aikin wasa, sai da ta yi ta zaginsa tana yabonsa a lokaci guda. "Dubi ɗan banza, ko tsagewa bai yi ba." Kafin la'asar ɗakin da aka yi shekaru ana zuwa kallo ya koma tubali tsirara, ƙyallin duk yana cikin buhuna a ƙofar gida.

Tana cire takunkumin ta ce wa 'Yar Awo, "Ɗauko bindigarki. Ba nawa kaɗai ba ne."

Wannan shi ne aikin da ya fi kankare bangon wuya. Duk ɗakin da ta taɓa shafawa a unguwar tana sane da shi, ta kuma bi su ɗaya bayan ɗaya, ta yi sallama ta faɗi abin da ke bangon da bakinta. Wasu suka yi salati suka fara fitar da kaya. Wasu suka yi mata kallon da ta san ta cancanta, ta haɗiye. Matar tela, wadda ɗanta ya dawo daga asibiti bai daɗe ba, ta tare ƙofa ta ce ba mai fasa mata ɗaki.

"Ke kika shafa da kanki kina cika baki, yau kuma ki zo ki ce guba ne?"

"Ni na shafa, ƙanwata, shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba. Zage ni son ranki, na ci zagi. Amma ina yaron yake kwana?"

Matar tela ta waiwaya ta dubi shimfiɗar yaron a gindin bango.

"Kuma tsakani da Allah," in ji Inna, "naki ma ba shi ne ya fi kyau ba, ranar ina mura. Bari in sake miki wanda ya fi shi."

Matar ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta kauce daga ƙofar. Cikin ɗakunan nan har da waɗanda aka riga aka ce gidajensu sun tsarkaka, yara suna kwance a gindin bangon. Ma'aikatan gyara suka ƙara wa'adin aikinsu, suka ƙara tambaya ɗaya a cikin tambayoyin da suke yi a kowane gari: da me aka yi yaɓe, kuma daga ina aka ɗebo? Sabon yaɓen kuwa aka damƙa shi a hannun Inna, ta tara mata ta koya musu, tana bin bayansu da dutsenta mai santsi tana mita.

Tuddan wankakkiya na bakin ramuka su ma katafila ta kwashe su ta kai ramin leda, aka rufe da yumɓu, aka bi da jar ƙasa. Aka janye ruwan kududdufin aka cike gurbinsa. Da damina ta sauka aka dasa itatuwa a filin, aka watsa irin ciyawa. Baba Gafiya ya karɓi gadin dashen, ya koma korar awaki da irin zafin da a da yake fasa dutse. Yanzu in ka bi ta wurin da yamma za ka ga yara suna buga ƙwallo a inda a da uwa ba ta barin ɗanta ya leƙa.

Ɗakinta shi Inna ta yi wa yaɓe a ƙarshe. Jar ƙasa ce da aka auna a gabanta, mai ɗan kaushi, ba ta walƙiya ko da an haska mata tocila. Baba Gafiya ya leƙo ya ce, "To yanzu sai a sake miki suna, Inna Dishi-dishi."

"Kai ma ai ba ka shiga rami yanzu, ba a fasa ce maka Gafiya ba."

Aka auna, lafiya. Aka jira, aka sake aunawa, ƙofa da gindin bango da ƙarƙashin gado. 'Yar Awo ta ɗago na'urar ta rungume Inna, har takunkuminta ya faɗi.

Da hantsi motar da ta ɗauko Takwara da uwarta daga birni ta tsaya a ƙofar gida. Takwara ta ƙara tsawo, ta rame kaɗan, maganarta ba ta dawo duka ba, likita ya ce sai a hankali. Ta tsaya a tsakar gida tana riƙe da zanen uwarta, tana kallon jar ƙasar da ba ta sani ba. Inna ta durƙusa ta buɗe hannu cike da murna. Yarinyar ta zo ta faɗa jikinta, ta shinshina wuyanta, sannan ta zame ta nufi ɗakin, kai tsaye zuwa gefen gado.

Ta dafa bangon da tafin hannu biyu. Ta duba sama ta duba ƙasa tana neman abin da ta saba gani, ba ta samu ba. Sai ta manna baki ta lasa.

Uwar ta yi ƙara ta zabura, don watanni ke nan tana fizge hannun yarinyar daga duk abin da ta taɓa. Inna ta riƙe mata wuyan hannu.

"Bar ta, 'yata," ta ce. "Ƙasa ce kawai."

Takwara ta yamutsa fuska, ta tofar, ta goge harshe da bayan hannu. Ta juyo ta dubi kakarta da haushi ta ce, "Ba daɗi."

Inna Ƙyalli, wadda ba a taɓa kushe aikinta ta yafe ba, ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauke ta ta fita da ita tsakar gida ta zaunar da ita a ƙasa.